Masu Gadin Numfashi

A wajenmu nan Dauran, da ma sauran garuruwan da ke tsakanin Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi, babu kalmar da ta kai "likita" araha. Mai shagon magani na bakin kasuwa likita ne, yaron da ya iya tsira allura likita ne, ma'aikacin da ke bi gida-gida yana ɗiga wa yara maganin shan inna shi ma likita ne, har mai duba lafiyar shanu ba a bar shi a baya ba. Ba raini ne ya kawo haka ba, girmamawa ce irin ta mutanenmu, domin duk wanda ya taɓa jikinka ka ji sauƙi ya cancanci suna mai daraja. Sai dai kuma wannan araha ta ɓoye mana wani abu muhimmi. A tunanin yawancin jama'armu aikin asibiti aikin mutum ɗaya ne, mai farar riga da abin sauraren ƙirji rataye a wuya, shi ke dubawa, shi ke yankawa, shi ke ɗinkewa, shi kuma ke sallama.

Mun daɗe muna koyarwa a makarantar sakandare, kuma duk shekara in muka tambayi 'yan ajin kimiyya abin da suke so su zama, amsar da ta fi yawa ita ce likita. In muka ƙara da cewa wane iri, sai aji ya yi tsit kamar ruwa ya ci shirwa. To, wannan shirun ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Muna so mu gaya wa mai karatu abin da idonmu ya gani a bakin wani ɗaki na asibiti, inda ake kwantar da waɗanda ciwo ya kai gargara, wanda ake kira ɗakin kulawa ta musamman, ma'aikata kuma su ce Ai-Si-Yu. A can ne muka ga ma'anar maganar magabata cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yadda Muka Isa Bakin Ƙofar

Matar ƙanenmu ce ta kai mu. Cikinta na fari ne, ya shiga wata takwas, sai ta fara kumburin ƙafa da fuska, da ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi. Wani dare cikin damina ta yanke jiki ta faɗi tana jijjiga, tana taune harshe, irin ciwon nan da mata ke kira taune-taune. Duk wanda ya san yankinmu a waɗannan shekaru ya san ba a bin hanya da dare, saboda haka aka zauna riƙe da ita ana addu'a har aka kira assalatu. Gari na wayewa muka sa ta a mota zuwa asibitin da ya fi kusa. Wata ungozoma ce ta tarbe mu. Ta kwantar da ita a kan gefen hagu, ta auna jininta ta ga ya hau ƙwarai, ta yi mata allurar da ake kira magnesiyam salfet mai tsayar da jijjiga, ta sa mata robar fitsari, sannan ta rubuta takarda ta ce wa ƙanen namu, "Malam, ku wuce da ita babban asibiti yanzu-yanzu, kada ku tsaya jiran kowa."

Daga baya muka gane cewa wannan ungozoma, wadda ba ta da kayan aiki sai 'yan kaɗan, ita ce ta ƙulla zaren farko na ceton ran yarinyar. Allurar da ta yi ba ƙaramar aba ba ce. A jihar Kano, tun daga shekarar 2008 da aka shigar da ita manyan asibitoci goma aka kuma horar da ma'aikata yadda ake amfani da ita, mutuwar mata masu wannan ciwo ta ragu ƙwarai da gaske. Haka nan sanin da ta yi cewa abin ya fi ƙarfin wurinta, da saurin da ta yi ta tura mu gaba, shi ma ilmi ne, kuma ba kowa ke da shi ba.

A babban asibitin, kafin mu gama biyan kuɗin kati an kewaye gadonta. Likitan mata ya duba ya ce maganin wannan ciwo shi ne a raba uwa da abin da ke cikinta, don haka za a yi mata aiki. Amma bai taɓa wuƙa ba sai da wani mutum siriri, marar yawan magana, ya zo ya leƙa bakinta, ya saurari ƙirjinta, ya karanta sakamakon awon jininta, ya amince. Muka tambaya wane ne wannan da har babban likita ke jiran izininsa, aka ce mana likitan allurar barci ne. Aka ciro ɗa namiji, ɗan mitsitsi, wata likitar jarirai ta karɓe shi ta wuce da shi kwalba. Uwar kuwa jini ya ɓalle mata, numfashinta ya yi nauyi, aka tura gadonta ta wani dogon baranda zuwa wata ƙofa mai ruɓi biyu. Nan aka dakatar da mu. Nan kuma muka shimfiɗa tabarma, muka kwana tara.

Su Wane Ne A Ciki?

Mai karatu, in ba ka taɓa jinya a irin wannan wuri ba, to ka sani al'adarsa ta saɓa wa duk abin da muka saba. Mu mutane ne masu dubiya. In mutum ya kwanta, dangi da maƙwabta kan cika ɗaki da kwanonin abinci da goran fura, kuma wanda bai zo ba ya yi laifi. A nan kuwa mutum ɗaya ake bari ya shiga, na 'yan mintoci, bayan ya tuɓe takalmi ya wanke hannu ya ɗora wata riga a kan tasa. Da fari tsofaffinmu sun ɗauki abin wulaƙanci ne. Sai da wata nas ta zauna ta yi musu bayani cewa jikin da ke kwance a ciki an huda shi da robobi ta wuya da hannu da baki, kuma ƙwayar cutar da mai lafiya ke yawo da ita a tafin hannunsa bai sani ba tana iya ƙarasa shi, sannan suka haƙura.

Ranar da aka bar mu muka shiga, abin da muka fara lura da shi shi ne ƙara. Babu mai nishi, babu mai kuka, sai na'urori ke ta ƙyaf-ƙyaf da tsiwa kamar 'yan tsaki. A saman kowane gado akwai allo mai kama da talabijin, yana nuna bugun zuciya, da hawan jini, da yawan numfashi, da adadin iskar oksijin da ke cikin jini. An koya mana cewa zuciyar babban mutum mai lafiya kan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20, oksijin ɗin jininsa kuma ba ya sauka ƙasa da kashi 95 cikin ɗari. In ɗaya daga cikin waɗannan ya kauce, na'ura ta yi ihu. Matar ƙanenmu na kwance ba ta san inda kanta yake ba, roba a maƙogwaronta, wani inji a gefe yana hura mata iska yana saki, ƙirjinta na tashi yana sauka bisa umarninsa.

Shugaban wannan ɗaki shi ne mutumin nan siriri, likitan allurar barci. Mutanenmu sun ɗauka aikinsa bai wuce ya sa mutum barci kafin tiyata ba, alhali sa barcin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin nasa. Babban aikinsa shi ne riƙe numfashi da bugun zuciyar wanda ba ya iya riƙe su da kansa. Shi ya san yadda ake zura roba cikin maƙogwaro ba tare da ta faɗa hanyar abinci ba, shi ke saita injin numfashi, shi ke ƙayyade maganin da ke ɗaga jini in ya faɗi, shi kuma ke yanke shawarar ranar da za a cire injin a ga ko huhu zai iya shi kaɗai. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintoci, huɗu ko biyar, kafin ta fara lalacewa. Saboda haka aikinsa aikin mintoci ne, ba ya jiran a je a dawo.

A kwana na biyu aka ce fitsarinta ya ɗauke. Mu da ba mu sani ba muka ga ai wannan ƙaramin abu ne a kan wanda ba ya ko numfashi da kansa, amma sai muka ga fuskokin ma'aikata sun canza. Ashe kowace awa nas na duba jakar fitsari tana rubuta abin da ya taru, domin ta nan ake gane ko ƙoda na aiki, kuma in babban mutum ya kasa tara kamar cokalin cin abinci biyu a awa ɗaya, to akwai magana. Aka kirawo likitan ƙoda. Ya ce hawan jinin da zubar jinin sun bugi ƙodojinta, dattin da ya kamata su tace ya taru a jini, sai an yi mata wankin ƙoda. Wato a jawo jininta ta roba, ya bi ta cikin wani inji ya tace shi, ya komo jikinta, ana yin haka na sa'o'i. Sau uku aka yi mata kafin ƙodojin su farfaɗo. Ranar da jakar nan ta fara cika, mun ga nas tana murmushi kamar an yi mata albishir da kujerar Makka.

Akwai kuma waɗanda ba mu taɓa ganin fuskarsu ba sai rubutunsu. Masanin ɗakin gwaje-gwaje, wanda ake kai wa jini tun da asuba, shi ke faɗin yawan gishirin da ke cikinsa, da ko yana iya daskarewa, da irin ƙwayar cutar da ta shiga in zazzaɓi ya taso, da maganin da zai kashe ta. Ba a canza magani sai an ga takardarsa. Ma'aikacin ma'ajiyar jini shi ya gwada jininmu da na sauran 'yan'uwa da muka miƙa hannu, ya tace wanda ya dace da nata, domin jinin da bai dace ba guba ne. Likitan hoto ya karanta hoton ƙirjinta ya ce ruwa ya taru a huhu. Mai harhaɗa magunguna ya rage adadin wasu magunguna saboda ƙoda ba ta iya fitar da su. Wata masaniyar abinci ta tsara irin kunun da za a riƙa ɗura mata ta robar hanci. Mai gashin ƙashi kuwa kullum yana zuwa ya bubbuga mata ƙirji don majina ta saki, ya lanƙwasa mata hannu da ƙafa don kada gaɓoɓi su sandare.

Amma in aka ce mu zaɓi waɗanda suka fi kowa ɗaukar nauyin ɗakin, to nas-nas ne. Likitoci kan zo zagaye su tafi, su dawo in an kira su, nas kuwa tana nan a gindin gado dare da rana. A ƙa'ida kowane mai ciwo da ke kan injin numfashi nas ɗaya ake ware masa, ko da yake ƙarancin ma'aikata kan sa ɗaya ta riƙe biyu ko fiye. Ita ke juya marar lafiya duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, ita ke zuƙe majinar da ta toshe roba, ita ke goge masa baki da jiki, ita ke fara ganin canji kafin na'ura ta yi ihu. Wani dare aka ɗauke wuta, kafin janareta ya tashi muka hango ta tagar ƙofa wata nas ta cire injin ta maƙala wata jakar roba tana matsawa da hannu, tana ƙirgawa a hankali, har wuta ta dawo. Shi ma mai kula da janaretan, da makanikin da ke gyara na'urori da canza tukunyar oksijin, ran yarinyar nan ya ratsa ta hannunsu ko da ba su san sunanta ba.

Mahaifiyarmu, wadda ta zo daga Dauran ta tare a tabarmar nan tare da mu, ta gaji da ganin sababbin fuskoki. Wata safiya ta tare babbar nas ta ce, "'Yar nan, wai wane ne likitan nata a cikinsu? Ina so in san wanda zan yi wa godiya." Nas ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Inna, ki yi wa Allah, sannan ki haɗa mu duka a addu'a, don in ɗaya ya yi sakaci aikin sauran ya ɓaci." Tsohuwa ta yi shiru, can ta ce to Allah Ya yi musu albarka su duka, har da mai shara.

Ba kowa ke fita ta ƙofar nan da rai ba, kuma bai kamata mu ɓoye wannan ba. A gadon da ke kusa da nata akwai wani magidanci da aka kawo da raunin harbi, 'yan'uwansa na shimfiɗe kusa da mu, muna cin abinci a kwano ɗaya. Likitan fiɗa ya shiga da shi ɗakin tiyata sau biyu, an ƙara masa jini, an yi duk abin da ake yi, amma a kwana na shida wa'adi ya cika. Likitan allurar barcin nan da kansa ya fito, ya kira yayan mamacin gefe, ya zauna da shi a kan benci, ya gaya masa abin da aka yi da inda abin ya gagara, ya yi masa ta'aziyya. Sannan ya wanke hannu ya koma ciki, domin akwai sauran gadaje. Ita kuwa matar ƙanenmu an cire mata inji a kwana na bakwai, aka mai da ita ɗakin mata a na tara, kuma bayan mako uku muka komo gida da ita da ɗanta. Bijiman noman ƙanenmu guda biyu sun tafi a wannan jinya, amma bai taɓa kirga su cikin asara ba.

Asalin Wannan Ɗaki

Da muka natsu muka bi diddigin inda wannan tsari ya samo asali, sai muka tarar ciwon da muka sani ne ya haife shi, wato shan inna. A shekarar 1952 annobar shan inna ta auka wa birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak. Ciwon kan shanye naman da ke motsa ƙirji, yaro ya kasa numfashi yana ji yana gani. Daga cikin mutum 31 na farko da aka kwantar da irin wannan hali a asibitin Blegdam, 27 sun mutu. Sai wani likitan allurar barci mai suna Biyon Ibsen ya kawo shawarar a huda maƙogwaro a sa roba, a riƙa hura iska da jakar roba da hannu, kamar yadda ake yi a ɗakin tiyata. Aka gwada a kan wata yarinya 'yar shekara 12, ta rayu. Da yake babu isassun injuna, sai aka tattaro ɗaliban koyon likita da na haƙori kimanin 1,500, suna karɓa-karɓa dare da rana, kowa na matsa jaka na sa'o'i, har tsawon makonni. Mutuwa ta ragu da fiye da rabi. A shekarar 1953 Ibsen ya buɗe ɗaki na musamman inda ake tara masu tsananin ciwo wuri ɗaya, da ma'aikatansu na dindindin, kuma daga nan tsarin ya bazu a duniya.

Abin lura a nan shi ne, tun ranar da aka haifi wannan ɗaki da taron dangi aka haife shi. Abin da muka ga nas ɗin nan ta yi a daren da aka ɗauke wuta shi ne ainihin abin da ɗaliban Denmak suka yi shekaru fiye da saba'in da suka wuce. Inji ya zo daga baya ne don ya hutar da hannu, amma har gobe sai da mutum a tsaye a kansa.

Nisan Da Ke Tsakaninmu Da Su

Mu mutanen Zamfara ba baƙin irin ciwon da ke buƙatar taron ƙwararru ba ne. A shekarar 2010 yara suka riƙa mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi. Sai da ma'aikatan Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa suka aika da jini aka gwada, aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Kafin a shawo kan abin sai da aka haɗa likitocin yara, da masanan guba, da masu gwajin jini, da injiniyoyin da suka kankare ƙasar tsakar gidaje suka zuba sabuwa, domin in an yi wa yaro magani ya koma cikin ƙurar, an yi aikin baban giwa.

Haka kuma annobar sanƙarau da ta faro a ƙaramar hukumarmu ta Zurmi a watan Disamba na 2016, ta bazu zuwa Sakkwato da Katsina da wasu jihohi, kafin ta lafa a tsakiyar 2017 an lissafa mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 kuma sun riga mu gidan gaskiya. Masu gwajin ruwan ƙashin baya ne suka tabbatar cewa nau'in C ne, alhali rigakafin da aka yi wa jama'a a shekarun baya na nau'in A ne. Ba don su ba da an yi ta harbi a duhu. A shekarar 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar a haɗe. A wannan shekarar ce kuma Likitoci Na-gari Na-kowa, waɗanda suka tallafa wa sassan yara a manyan asibitocin Zurmi da Shinkafi, suka auna yara kusan 100,000 a ƙananan hukumomin biyu, suka tarar kimanin ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Yaron da tamowa ta ci, in ƙyanda ko zazzaɓi ya same shi, cikin kwana ɗaya yake kaiwa gargara.

To, ga buƙata, ina ƙwararrun? Mutumin Dauran da ciwonsa ya fi ƙarfin Zurmi ko Ƙaura, sai Gusau, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. In ya wuce nan sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Malam Aminu Kano a Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika ta Zariya. Kowace tafiya daga cikin waɗannan sa'o'i ce, ga shingaye, ga fargabar hanya, ga dare da ba a taɓa shi. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar nan na tsawon makonni, ko kiran mota ma ya zama aiki. Mun riga mun faɗi cewa aikin ɗakin nan na mintoci ne. Duk ƙwarewar likita, ba ya ceton wanda ya cika a mota.

Su kansu ƙwararrun ba a rana ɗaya ake yin su ba. Yaro zai yi shekara shida a jami'a, ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, ya yi ɗaya ta bautar ƙasa, sannan ya shiga horon ƙwarewa na shekara biyar ko shida, yana cin jarrabawa mataki-mataki, kafin a kira shi ƙwararren likitan ƙoda ko na allurar barci. Bayan duk wannan wahala kuma sai ƙasashen waje su yi mana ɗauki ɗai-ɗai. A shekarar 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru. Waɗanda suka rage yawancinsu suna manyan birane. Wanda ya yi karatu a Legas ko Ibadan da wuya ya zaɓi zama a inda ake sace mutane a hanya, kuma ba mu ga laifinsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma zai jure zama a cikinsa har ya gyara.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Wannan ne ya dawo da mu aji. In har ƙwararrun da za su zauna a Zamfara sai 'ya'yan Zamfara, to suna nan zaune a gabanmu a kan benci, wasu ma a ƙasa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yanzu in ɗalibi ya ce mana likita yake so ya zama, mukan jero masa mutanen ɗakin nan ɗaya bayan ɗaya, mu ce ya zaɓa. Wanda makinsa bai kai na karatun likita ba kada ya ɗauka ƙofa ta rufe. Akwai makarantar koyon jinya da ungozoma a Gusau, akwai kwalejin kimiyyar lafiya a Tsafe, akwai kwalejin fasaha ta tarayya a nan Ƙauran Namoda inda yaro zai koyi lantarki ko aikin ɗakin gwaji. Musamman muna kira ga iyayen 'yan mata. Mu ne masu cewa ba ma son namiji ya duba matanmu, mu ne kuma masu cire yarinya daga aji kafin ta gama. Waɗannan biyu ba sa haɗuwa. Ungozomar da ta tarbe mu da asuba, da nas ɗin da ta matsa jaka cikin duhu, wasu iyaye ne suka daure suka bar su suka yi karatu.

Sai kuma abin da kowane magidanci ke iyawa ba tare da jiran gwamnati ba. Taune-taune ba ya faɗowa daga sama, yana aiko da manzanni: hawan jini, kumburi, ciwon kai, gani dishi-dishi. Awon ciki na 'yan mintoci yana gano shi tun kafin a kai ga sayar da bijimi. Rigakafin yara kyauta ne. Ba da jini ba ya rage wa mai lafiya komai, kuma jaka ɗaya kan tsaya tsakanin mace da kabari. Mai ciwon da ya fara numfashi sama-sama, ko ya daina gane mutane, ko fitsarinsa ya ɗauke, ko yaro ya ƙi nono ya sandare wuya, ba na jiƙe-jiƙe ba ne, a kama hanya tun rana na sama. Neman magani ba ya karo da tawakkali, shi ma cikinsa yake.

Ga hukuma kuwa, roƙonmu bai wuce a matso da farkon zaren kusa da mu ba. Ba mu ce a gina ɗakin kulawa ta musamman a Dauran ba, mun san abin da kamar wuya. Amma a ce kowane babban asibiti na ƙaramar hukuma yana da oksijin da ba ya yankewa, da ma'ajiyar jini mai sanyi, da wutar rana, da motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a ciki, da ma'aikatan da ake biya a kan kari har su ga dalilin zama, wannan bai fi ƙarfin jiha ba. Uwa-uba kuma a samar da tsaron da zai sa mai naƙuda ta bi hanya da tsakar dare.

'Yan'uwa marubuta, ku ma da naku rabon. Yara na karanta abin da kuke rubutawa, daga nan suke ɗaukar burinsu. In labari ya kai ku asibiti, ku daure ku leƙa bayan ƙofar nan, ku nuna musu mai gwajin jini da mai allurar barci da nas mai kwana a tsaye, don yaron da ke karantawa a Moriki ko Birnin Magaji ya san akwai irin wannan aiki a duniya, kuma yana jiransa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ya saka wa masu kwana a kan marasa lafiya da alheri, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.